Zuciyar Jinjiri a Abu Na'ama

Motar ta bar Wad Madani ta ƙasar Sudan da hantsi ta miƙa kudu. Dama da hagu babu tsauni babu tudu, sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Jazira da magudanan ruwanta miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. Ruwan da ke cikinsu daga madatsar Sinnar yake zuwa, wadda aka kammala a 1925 domin noman auduga. Hannayen da suka tsinci audugar nan shekara da shekaru, da yawansu na mutanen ƙasar Hausa ne da Barno, waɗanda suka ɗauko hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, tsayuwar ta zama zama.

A kujerar bayan direba akwai wata mata daga Kano, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ɗakin jarirai. Zumunci ne ya fito da ita. Ƙanen kakanta na cikin waɗanda suka tafi hajjin ƙasa ba su koma ba, zuri'arsa kuwa tana wani ƙauye a gefen Abu Na'ama. A jakarta akwai turmin atamfa, da daddawa, da kuka, da abin sauraren ƙirji wanda ba ta rabuwa da shi ko biki za ta.

Da aka wuce Sinnar kaɗan sai Mai Wurno. Bahaushe ba ya ratsa garin nan bai ji wani abu a ransa ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'arsa, aka yi gumurzu a Burmi a 1903, ya rasu a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka kafa wannan gari a bakin Shuɗin Nilu a 1906. Daga nan da sauran zangunan alhazai ƙauyukan Hausawa da Fulani suka yi ta tsirowa a gaɓar kogin, ana noman bakin ruwa, ana su, ana karantar da allo. Mutanen Sudan kan haɗa su duka su kira su Fallata.

Daga Sinja, hedikwatar jihar Sinnar, ƙasa ta ƙara duhu. Baƙar laka ce mai tsagewa da rani, mai riƙe ƙafa da tayar mota da damina. Baƙuwar ta riƙe wannan a ranta, domin wanda ya yi aikin asibiti idan ya ga hanya, mai naƙuda yake fara tunawa. Abu Na'ama tana kan hanyar Damazin. An san ta da tashar binciken aikin gona, da tsangayar noma ta Jami'ar Sinnar, da masana'antar rama da aka kafa don yin buhuna. Kewayenta gonakin dawa ne da riɗi iyakar ganin ido.

Ta sauka ana kiran la'asar. Gaisuwar ta zo da harshe biyu a cakuɗe, Hausa mai tsohon ɗanɗano da Larabcin Sudan yana ratsa ta. Aka shimfiɗa mata a kan angarib, gadon igiya na ƙasar, aka kawo ruwan randa da gahawa a ƙaramar butar ƙasa. Kafin ta gama kurɓa aka ce mata ta zo da goshi: matar ɗaya daga jikokin gidan ta sauka kwana uku da suka wuce, namiji, lafiya lau.

Lafiya lau a bakin kowa, ban da kakar yaron.

Tsohuwar, wadda yaran gidan ke kira Haboba kamar yadda ake kiran kaka a Sudan, ta ja baƙuwar gefe bayan magariba. Ta ce tun jiya take ɗora tafinta a ƙirjin yaron, abin da take ji bai kwanta mata ba. Zuciyar tana gudu kamar ta ɗan tsako. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya hana ta barci shi ne gudun ba iri ɗaya ba ne: wani lokaci ya yi sauri, wani lokaci ya lafa, numfashin ma ya ɗan tsaya sannan ya dawo.

"'Yar nan, tunda Allah ya kawo ki, duba mini shi."

"To Inna, mu je. Amma ke ma za ki saurara da kunnenki."

Ɗakin mai jego yana ƙamshin turaren wuta. Baƙuwar ta wanke hannu, ta ɗumama bakin abin sauraren a tafinta, ta ɗora a ƙirjin yaron, ta zuba wa agogo ido har minti ya cika. Yana tsotson nono a lokacin, ta samu 142. Sai ta zare abin daga kunnenta ta sa wa tsohuwar. Haboba ta yi tsit, idanunta suka buɗe. Ta haifi tara, ta yi jegon jikoki ba adadi, amma ba ta taɓa jin zuciyar jinjiri da kunne haka ba.

Abin da ta ji ba ciwo ba ne. Zuciyar babba mai hutawa tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti. Ta jinjiri sabon haihuwa, idan yana farke, takan kasance tsakanin 120 zuwa 160. Idan ya tsala kuka tana iya haura 170, idan ya yi barci mai nauyi ta sauko kusan 100, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan. Dalilin saurin a fili yake. Zuciyar ƙarama ce, jinin da take turawa a bugu ɗaya kaɗan ne, jikin kuma yana cin iska da abinci da yawa don girma da riƙe ɗumi, saboda haka abin da ta rasa a yawan awo sai ta cike shi da yawan bugu. Mai bugu 140 a minti ya haura bugu 200,000 a yini da kwana.

Sauri da lafawar da suka tsorata tsohuwar kuwa, su ne ma abin da ma'aikacin lafiya ke son gani.

Zuciya tana da ɗan gurbi a ɗakinta na sama na dama wanda ke ba da umarnin kowane bugu. Amma gurbin nan ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Yana ƙarƙashin jijiyoyi iri biyu da ke aiki ba da sanin mai su ba, kamar doki tsakanin ƙaimi da linzami. Kashi ɗaya ƙaimi ne, yana zaburar da zuciya idan an ji tsoro, ko yunwa, ko sanyi, ko zafin ciwo. Ɗaya kashin linzami ne, babbarsa kuwa wata doguwar jijiya ce da likitoci ke kira bagus, wadda ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta isa zuciya da huhu da hanji. Linzamin nan yana da saurin amsawa ƙwarai, yana iya sauya tazarar bugu ɗaya da mai bi masa. Idan an shaƙi iska yakan ɗan saki, zuciya ta ƙara sauri, idan an fitar ya ja, ta lafa. Bajamushe Carl Ludwig ya rubuta wannan alaƙa ta numfashi da bugun zuciya tun 1847. Mahayin da ya iya doki hannunsa ba ya daskarewa a kan linzami, kullum yana ɗan ja yana ɗan saki gwargwadon hanya. Ƙwaƙwalwar jinjiri mai lafiya haka take yi da zuciyarsa.

Baƙuwar ta kwana a ɗakin, ita da tsohuwar, fitila tana ci ƙasa-ƙasa. Ta nuna mata cewa barcin jinjiri iri biyu ne. Akwai wanda zai riƙa motsa baki, idanu na yawo a ƙarƙashin fata, yatsu na zabura, ya yi murmushin da tsofaffi ke cewa da mala'iku yake wasa. A wannan barcin, wanda ya kai kusan rabin barcinsa, numfashi ba ya bin tsari, zuciya ma tana hawa da sauka sosai. Akwai kuma barcin da zai yi lamo, numfashi ya daidaita, bugun ya sauko. Can tsakar dare ta ƙirga a irin wannan barcin ta samu 112. Da asuba da aka canza masa tsumma ya fusata, ta samu 168. Yaro ɗaya, dare ɗaya. Ɗan tsayawar numfashin ma ta auna shi a gaban tsohuwar: sakan biyar, sakan bakwai, sai ya ci gaba da kansa, launinsa bai sauya ba. Wannan al'adar jarirai ce. Wanda ke tayar da hankali shi ne tsayawar da ta kai sakan 20, ko wadda ta zo da shuɗin leɓe ko sakin jiki.

Da safe ungozoma ta zo zagayenta. A nan daya ake ce mata. Dattijuwa ce cikin farin lulluɓi, ɗauke da akwatin ƙarfe, kuma akwatin nan yana da tarihi. A 1921 wata Baturiyar Ingila, Mabel Wolff, ta buɗe makarantar ungozoma a Umdurman. Matan da ta fara ɗauka yawancinsu ba su iya karatu ba, don haka aka koya musu gane magani da ƙamshi da ɗanɗano da taɓawa, aka sallami kowace da akwatin kayan aiki ta koma garinsu. Daga cikin ɗalibanta har da Sitt Batul Muhammad Isa, wadda ta zama jigo a makarantar. Daga wannan tushe Sudan ta gina tsarin ungozomar ƙauye, kuma a karkara har yau haihuwar gida a hannunsu ta fi yawa.

A cikin akwatin akwai almakashi, da zaren ɗaure cibiya, da sabulu, da wani ƙaho mai faɗin baki. Likitan Faransa Adolphe Pinard ne ya ƙirƙiro shi a 1895. Ba ya cin batir, ba ya lalacewa. Akwai mai ciki wata takwas a maƙwabta, sai dayar ta gayyaci baƙuwar su je tare. Ta shafa cikin ta gano inda bayan ɗan yake, ta kafa ƙahon, ta manna kunne, ta sake hannu, yatsanta ɗaya yana kaɗawa a iska yana bin bugun. Tsakanin 110 da 160 ake nema ga ɗan da ke ciki. Wajen ƙirgar sai da suka tsaya suka daidaita harshe, domin daƙiƙa a bakin dayar minti ce kamar yadda take a Larabci, a bakin Bakanuwar kuwa sakan ce. Kuskure irin wannan a takardar tura majiyyaci asibiti ba ƙarami ba ne, shi ya sa suka koma nuna wa juna a fuskar agogo.

Dayar ta san aikin minti na farko bayan haihuwa: a tsane yaro, a goga bayansa, a ga ya yi kuka, a kama gindin cibiya a ji bugu. Ƙirga na sakan shida a ninka sau goma ya isa a san ko ya haura 100. Iyakar nan ta 100 ita ce wadda likitar Amurka Virginia Apgar ta sa a ma'auninta na alamomi biyar da ta wallafa a 1953, wanda ake dubawa a minti na ɗaya da na biyar. Yaron da bugunsa ya gaza haka, galibi iska ce ba ta shiga huhunsa ba, kuma maganinsa a taimaka masa da numfashi nan take.

Sai dai akwai iyakar abin da kunne ke kamawa, kuma baƙuwar ba ta ɓoye wa abokiyar aikinta wannan ba. Hawa da saukar da aka ƙirga cikin dare babban sauyi ne, na minti zuwa minti. Abin da masu bincike ke aunawa ya fi haka siriri. Idan zuciya tana bugu 140 a minti, tazarar bugu da bugu kusan kashi 430 ne cikin 1,000 na sakan ɗaya. A jikin yaro mai lafiya tazarar nan ba ta maimaita kanta daidai: wannan ta ɗara da 'yan kashi, mai bi mata ta ragu. Babu kunnen ɗan Adam da zai raba su. Sai an manna wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana wutar zuciya, kwamfuta ta auna dubban tazarori ta fitar da yadda suke bambanta. Da aka yi haka ga jarirai masu lafiya, aka ga bambancin yana ƙaruwa yayin da yaro ke ƙwari, yana sauyawa da irin barcin da yake ciki, kuma ya fi ƙaranci ga bakwaini, domin linzamin nan a watannin ƙarshe na ciki yake nuna sosai. Tun a shekarun 1960 likita Edward Hon da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ɗan da ya galabaita a ciki, tsarin bugunsa kan sauya tun kafin a ga wata alama.

Inda ilimin nan ya fi amfani shi ne wajen cutar da ke shiga jinin jariri. A Jami'ar Bajiniya ta Amurka, likitoci Pamela Griffin da Randall Moorman sun lura cewa awoyi kafin jariri ya nuna rashin lafiya, wani lokaci har yini guda, bugun zuciyarsa yakan daskare ya zama iri ɗaya kamar na agogo, sai kuma ya riƙa faɗuwa na ɗan lokaci yana tashi. Suka haɗa na'ura mai suna HeRO wadda ke lura da wannan dare da rana. Aka gwada ta a asibitoci tara a kan jarirai 3,003 waɗanda nauyinsu bai kai kilo ɗaya da rabi ba, aka wallafa sakamakon a 2011. Inda likitoci ke ganin allon na'urar, mace-mace ya tsaya a kashi 8.1 cikin ɗari, inda ba sa gani ya kai 10.2.

Da baƙuwar ta ba da wannan labari a ƙarƙashin rumfa, dayar ta jinjina kai. Ta ce ita ma yaron da ke firgita ta ba mai tsala ihu ba ne. Wanda ya yi shiru ne fiye da kima, wanda ake yabo da haƙuri, ba ya neman nono, a taɓa shi bai zabura ba.

Maganarta da binciken Bajiniya hanya ɗaya suka bi, ko da yake na'urar ta riga ido gani da awoyi masu yawa, kuma awoyin nan su ne ake ceton rai a cikinsu. Babu amfanin a yaudari kai a ce kunnen ungozoma ya maye gurbin na'ura. Bai maye ba. Amma na'ura irin wannan tana buƙatar wuta da ba ta yankewa, da ɗakin jarirai, da likita a kusa, kuma ƙauyen da ke bayan baƙar laka ba zai jira ta ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin alamar farko da isa asibiti. Alamomin kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara su yadda kowace uwa za ta riƙe: yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko ƙirjinsa ya riƙa lotsawa ciki sosai, ko jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya daina motsi sai an taɓa shi, ko ya yi shawara a ranar farko, ko rawayar ta kai tafin hannu da na ƙafa. Kowace ɗaya ta isa a nemi mota, ba a jira wayewar gari ba. A duniya jarirai wajen miliyan 2.3 ne suka rasu cikin kwana 28 na farko a 2022, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan rashi a makon farko yake faruwa, wato kafin a raɗa suna.

Sauran kwanakin, hirar matan gidan ta koma kan al'ada, wadda suka riƙo daga ƙasar Hausa kusan ba canji: ruwan zafin mai jego, kunu, gasa cibiya. Baƙuwar ba ta zo rusa komai ba, amma ta tsaya a kan abu uku. Kada a sa toka ko wani haɗi a cibiya, don ta nan cuta ke samun ƙofa. Kada a zubar da nonon farko mai kauri, shi ne rigakafin yaro na fari. Kada kuma a yi gaggawar wanka ranar haihuwa, a bari ya kwana, domin sanyi yana wahalar da ƙaramar zuciya. Game da bakwaini ta ce goyon da aka sani a baya, a mayar da shi gaba: a kwantar da yaro tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane, a rufe kansa. Likita Edgar Rey ya fara wannan a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben ɗumama jarirai, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi nan take bayan haihuwa. Ɗumin uwa yana daidaita zafin jikin yaro da numfashinsa da bugun zuciyarsa. Haboba ta ce wannan kam ba sai an saya ba.

Ranar bakwai aka yanka rago, aka yi simaya kamar yadda ake kiran suna a can, aka ci kisra da miyar kukar da ta zo daga Kano. Kafin baƙuwar ta hau mota ta cire agogon hannunta mai tsinken sakan ta ba dayar.

Wannan tafiya kafin yaƙi aka yi ta. A ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun a Disambar 2023, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, a farkon damina, lokacin da baƙar laka ke rufe hanya. Dubban ɗaruruwan mutane suka watse daga jihar Sinnar, wasu Gadarif, wasu Damazin. Soja sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, amma asibitoci da yawa a yankunan da yaƙin ya ratsa an wawashe su ko sun daina aiki, ma'aikatansu sun yi gudun hijira. Haihuwa kuwa ba ta tsaya ba, nauyinta ya ƙara komawa kan mata masu akwatin ƙarfe.

Masu tara taimako don 'yan uwan da ke Sudan, a Kano ne, a Sakkwato ko a Maraɗi, idan ana lissafin buhunan hatsi da barguna, a sa kayan ungozoma a ciki: safar hannu, zaren cibiya, maganin goge cibiya, ma'aunin zafin jiki, jakar hura wa jariri iska, abin sauraren ƙirji, da agogo mai nuna sakan.